Senkant Katar Ven: Yadda Aka Karɓe Mini Mabuɗin Ɗakin Inji

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da Direkter ya miƙo hannu ya ce in ba shi mabuɗin ɗakin inji ba. A tsakar biro ne, wato ofis, gaban kowa, wajen ƙarfe goma na safe. Na kwance mabuɗin daga igiyar da nake ratayawa a wuya, na ɗora masa a tafin hannu, na koma bakin ƙofa inda kujerata take. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a gidan nan, ba a taɓa karɓe mini komai ba sai ran nan. Ina rubuta wannan ne domin ku da kuka shigo aiki bayanmu, masu gadi da sauran ma'aikata, saboda na ji labarin yana yawo a bakinku ba yadda ya faru ba.

Sunana Shaibu, mutumin Bambeye ne ni, amma a Tawa nake zaune da iyalina. Gidan da muke wa aiki haɗaɗɗiyar ƙungiya ce ta makiyaya da manoma, mai babban biro a Tawa da rassa uku a Bambeye da Takanamat da Tebaram. Kowane reshe yana da wakili guda. A babban biro Direkter ne a sama, sai likitan dabbobi, sai sakatariya, sai Laminu teknisiye mai kula da injuna, sai direba, sai ni a ƙasa, mai gadin rana da shara.

Masu tallafa wa ƙungiya sun kawo mana wani tsari na aika saƙo ta ordinater, wato kwamfuta. Mu Zaure muke ce masa, don a nan kowa ke haɗuwa. Yadda yake aiki ba wuya. Akwai babban inji guda a Tawa, ana ce masa serber, shi ne mai gida. Sauran injuna, na sakatariya da na likita da na rassa, baƙi ne masu zuwa su yi sallama. In wakilin Takanamat ya rubuta saƙo, injinsa zai kai wa serber, serber ya ajiye kuma ya raba wa sauran. Amma kafin baƙo ya isa sai ya san abu biyu, adireshin gidan da lambar ƙofa. Inji guda yana da ƙofofi dubbai, kowace da lambarta, Zaure kuwa bayan ƙofa ɗaya tak yake zaune yana saurare. Laminu ne ya yi mini wannan bayani, a lokacin da muke shiri, muna shan shayi ƙarƙashin itacen bedi na bakin ƙofa.

Akwai kuma wata doka da ya kamata baƙo ya sani. Motar likitan dabbobi ba ta fita daji sai an ga rahoton wakili a rubuce cikin Zaure, da sunansa da ranar da ya aiko. Kiran tarho bai isa ba, domin masu tallafi suna bin sawun kowace fita da mota ta yi.

Nawa aikin da inji ɗan kaɗan ne. Batirin ɗakin ba ya iya kwana da serber, don haka nakan kashe shi ƙarfe shida na yamma, in kunna shi ƙarfe bakwai na safe, har Asabar da Lahadi, saboda rassa suna aiki ranakun kasuwa. Maɓalli uku ne, kuma ban taɓa danna na huɗu ba. Direkter ya yi mini alkawari cewa in na gama mataki na biyu na karatun manya, za a rubuta ni a takarda a matsayin mai kula da ɗakin inji. Wannan alkawari na cikin abin da ya sa nake zuwa aji kowace la'asar, ina da shekara arba'in da shida, ina zama kan benci da mahauta da teloli. Malamarmu, Malama Zara, ta ce mana duk rubutun da muka gani mu kwafe shi, ko na allon shago ne, ko na jikin buhu, ko lambar mota. Na sayi littafin rubutu guda, wato kaye, don haka, kullum yana aljihuna tare da alƙalamin bik.

A farkon daminar shekarar tsohon serber ya gaji. Ran wata Alhamis wani injiniya ya zo daga Yamai da sabo. Ya wuni a ɗakin, ya haɗa, ya gwada da nasa ƙaramin injin, ya ce komai lafiya. Ya kulle serber da kalmar sirri wadda bai ba kowa ba, har Laminu, ya ce dokar kamfaninsu ce. Ya yi sauri ya bi motar yamma. Sai da ya tafi aka tuna bai faɗi sabuwar lambar ƙofa ba.

Juma'a da safe Laminu ya zo ƙarƙashin bedi, don nan ne rezo, wato layin tarho, ya fi kamawa, ya kira injiniya. Ina zaune ina ji. Kun san yadda muke faɗin lambar tarho a ƙasar nan, bibbiyu, da Faransanci, ko wanda bai je lakkol ya yi boko ba ya iya. Haka injiniya ya faɗa masa. Laminu ya maimaita, "Senkant katar ven?" Aka amsa masa daga can. Ya rubuta a takarda, ya shiga ciki ya manna ta jikin injin sakatariya, ya kira rassa uku ya ba su lambar.

Kowa ya gwada, kowa ya ga abu ɗaya. Wani ɗan akwati ne ke fitowa da kalma biyu, Connexion refusée. Sakatariya ta ce mini ma'anarsa an ƙi karɓa.

Ranar aka ce laifin rezo ne, don hadari ya taso. Amma injin sakatariya da serber bango ɗaya ne ya raba su, waya ce ta haɗa su, ba ruwansu da hadari, kuma shi ma ya ƙi. Asabar Laminu ya zo duk da ba ranar aikinsa ba ce, ya cire wayar ya sa sabuwa. Ba ta sake zani ba. Ya goge Zaure daga injin sakatariya ya sake zuba shi, ya ɗauki takardarsa ya sake buga lambar da ke jiki. Aka sake ƙi. Litinin ya ce akwai wata katangar tsaro a cikin injuna mai tare baƙi, ya kwance ta, har yanzu dai kalma biyun nan. Ya kashe serber ya kunna har sau biyu, yana tsaye yana neman wani jan rubutu da zai nuna matsala, bai ga komai ba.

Da azahar ya fito ya zauna kusa da ni, idanunsa sun yi ja. Na zuba masa shayi na tambaye shi ko injin ya mutu ne.

Ya ce, "Baba Shaibu, in da ya mutu ai da na huta. In na ƙwanƙwasa mishi shina amsawa. In inji ya mutu ko hanya ta yanke, shiru za ka ji, ka yi ta jira har ka gaji. Wanga kuwa nan take shika cewa a'a."

Na ce, "To ai an iske gidan ke nan. Ni a aikina, in baƙo ya yi sallama anka yi shiru, babu kowa. In kuwa anka ce mishi ba nan ba ne, to akwai mutane, ƙohwa ce ya ɓata."

Ya yi ƴar dariya ya ce, "Ƙohwa daidai take, Baba. Tsaya ka ji." Ya sake kiran injiniya a gabana. Ya tambaye shi lambar ƙofar, ya ce, "Por ɗin, senkant katar ven?" Na ji muryar mutumin daga cikin tarho, da ɗan fushi, yana cewa i, senkant katar ven, sau nawa zai faɗa. Laminu ya dube ni ya ɗaga kafaɗa. Na bar maganar, don wanda ya yi karatu ya tambayi wanda ya fi shi karatu.

A waɗannan kwanaki ni ina nawa ɗan aikin da ban ɗauke shi a bakin komai ba. In aka kunna sabon serber, wani baƙin allo yana fitowa da fararen haruffa, layuka suna gudu sama, sai layin ƙarshe ya tsaya kamar numfashi uku, sannan tambarin ƙungiya ya rufe komai. Wannan layin na sa wa ido don aikin Malama Zara. Juma'a na samu haruffa biyar kafin ya ɓace. Asabar na ƙara, Lahadi na ƙara, Litinin na gyara wani harafi da na juya. Talata da safe na cika shi: Serveur en écoute sur le port 5080. Ban san ma'anarsa ba. Na dai ji daɗin na gama, na mayar da kaye aljihu, na ɗauki tsintsiya.

Abin da ya ɗaga hankalin gidan daga Tebaram ya fito. Wakilinmu na can, Agali, tun Asabar yake kira yana cewa harbin daji ya shiga shanu a wata rugga, ciwon nan da ke kumbura cinyar saniya ya kayar da ita cikin kwana ɗaya ko biyu. Direkter ya ce ya aiko a Zaure. Agali ya ce Zaure a rufe yake. Direkter ya ce ana gyara, ya ƙara haƙuri. Likita ya so ya fita, aka tuna masa doka.

Talata, wajen ƙarfe tara da rabi, Agali ya iso da kansa a kan moto, wato babur, taɓo har gwiwa, rawaninsa ya jiƙe. Na yi masa sannu da zuwa, ya amsa a gajarce ya wuce. Daga bakin ƙofa ina jin muryarsa.

"Kwana huɗu! Mutane na haƙa rami suna zuba bisashe, ku kuna zaune kuna kallon akwati! Ga ni na zo da ƙahwata, ni ne rahoton. Ko sai na shiga cikin injin za ku yarda?"

Can sai sakatariya ta leƙo ta ce ana kirana. Na iske kowa a tsaye. Direkter ya tambayi Laminu dalilin da inji da aka gwada ran Alhamis yana aiki zai wayi gari Juma'a ya ƙi. Laminu ya ce bai sani ba tukuna. Direkter ya ce wa ya shiga ɗakin tsakanin Alhamis da Juma'a. Laminu ya ce, "Baba Shaibu kaɗai ke da mabuɗi. Kuma ran Asabar na iske shi tsaye gaban ekaran, allon injin, da bik a hannu."

Direkter ya juyo gare ni. "Shaibu, mi kat taɓa?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, maɓalli ukku da anka nuna mini."

"Bik ɗin fa?"

"Rubutu nike koyo."

Ya ce, "A ɗakin inji kake koyon rubutu? Nan lakkol ce?" Direba ya yi dariya, ya kuma haɗiye ta. Direkter ya miƙo hannu. Bayan na ba shi mabuɗin ya ce za a kira injiniya ya dawo mako mai zuwa, kuma in aka tabbatar taɓa inji aka yi, ƙarshen wata in nemi wani wuri. Ya sa hannu a wata takarda ta musamman ta izinin fitar motar likita, amma ya ce mota ba za ta fita ba sai shugaban ƙungiya da ke sama da shi ya amince, shi kuwa yana tafiya. Da Agali zai fita ya tsaya a gabana ya ce, "Tsoho da kai, kana wasa da dukiyar mutane." Ya wuce abinsa.

Ban faɗa wa iyalina ba ran nan. Laraba da safe na shiga shara kamar kullum, sai dai ɗakin inji a kulle. Ina goge teburin sakatariya idona ya faɗa kan takardar da Laminu ya manna. Kwana biyar ina ganinta ban karanta ba. Na tsaya na bi ta harafi-harafi: port 5420. Haruffa huɗun farko na gane su, don na sha wahalarsu ran Litinin. Na ciro kaye na gwama. Kalma ɗaya ce, lamba kuwa daban. Amma na ce wa kaina wataƙila inji yana da lambar ciki da ta waje. Da kunnena na ji an tambaya sau biyu, an amsa sau biyu. Mutum biyu masu takardar digiri ba za su yi kuskure iri ɗaya sau biyu ba.

Da la'asar na tafi aji, ba don raina yana so ba. Malama Zara ta ce kowa ya karanta abin da ya kwafo. Da aka zo kaina na ce Faransanci ne, lambar kawai zan iya, na ce dubu biyar da tamanin. Sai Mamman mahauci, wanda ba ya barin kowa ya zauna lafiya, ya ce, "A'a, ma'aikacin biro! Ka karanta muna yadda manyanku ka yi mana. Ko Faransancin na tsayawa bakin ƙohwa tare da kai?"

Aka yi dariya. Na ce bari in ba shi kunya. Na raba lambar biyu kamar ta tarho, hamsin da tamanin. Hamsin shi ne senkant. Tamanin a wurinsu ashirin huɗu ne, katar ven. Na buɗe baki na ce, "Senkant katar ven."

Sai na ji abin da bakina ya faɗa.

Na ce, "Malama, don Allah rubuta a allo abin da kinka ji." Ta ɗauki alli ta rubuta 54 20. Mamman ya miƙe ya ce, "Haba Malama, yau kin faɗi. Hamsin da tamanin yac ce." Ta ce senkant katar ai hamsin da huɗu ne, ven kuma ashirin. Wani tela ya goyi bayanta, wani ya goyi bayan Mamman, aji ya kaure da gardama. Malama ta sa na sake faɗa, ta saurara, sannan ta rubuta 50 80 ƙarƙashin na farko. Ta tsaya tana kallon allon ta ce duka biyun daidai ne, bambancin kawai inda mutum ya ja numfashi. A tarho kuwa, da rezo irin namu, wa ke jin numfashi?

Na zauna. Ashe injiniya bai yi ƙarya ba, Laminu ma bai ji ba daidai ba. Kowannensu ya faɗi tasa lamba da kalmomi iri ɗaya, ɗayan kuma ya ce i. Za su iya yin haka har shekara.

Alhamis na tare Laminu yana jingine moto.

Na ce, "Laminu, ɗan tsaya."

Ya ce, "Baba, don Allah ba yau ba. Ban yi barci ba."

"Minti guda. Karanta mini lambar ga da Faransanci, bibbiyu." Na buɗe kaye na sa yatsa ƙarƙashin 5080.

Ya duba a gajiye ya ce, "Senkant, katar..." Bai ƙarasa ba. Ya karɓi kayen ya karanta layin duka, leɓunansa suna motsi. Ya ce, "Ina kas samu wanga?"

Na ce, "Injin da kanshi ke faɗa kullum da sahe."

"Sau biyu na kunna shi ban gani ba."

Na ce, "Kai kana karatu da sauri. Ni sai da na kwana biyar a kanshi."

Ya mayar mini da kaye ya shiga da gudu. Ban gama ɗauraye kofunan shayi ba na ji sakatariya tana cewa ya buɗe, ya buɗe. Laminu ya fito ƙarƙashin bedi ya kira rassa, na ji yana faɗa musu da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, biyar, sifiri, takwas, sifiri. Rahoton Agali ya shigo. Kafin azahar na buɗe wa motar likita ƙofa ta nufi Tebaram. Na wuni ina jiran a kira ni, har na wanke igiyar mabuɗin na shanya ta a kan kujera. Ba a kira ni ba.

Juma'a aka yi taron ma'aikata, ni ma aka ce in shigo. Direkter ya yaba wa Laminu, ya ce ya ceci ƙungiya daga kunya, ya kuma hutar da injiniya tahowa. Ya karanta rahoton Laminu, inda aka rubuta cewa an gano kuskure a saiti an gyara. Ba a faɗi kuskuren wane ne ba. Direkter ya ajiye takardar ya ce wannan ya zama darasi, kowa ya tsaya inda aka ajiye shi. Da ya faɗi haka ni yake kallo.

Ban saba magana a taro ba, amma na miƙe. Na ce ina neman izini. Na faɗi yadda abin yake tun daga kiran Juma'a, na ce lambar nan da ƙarfi ta fuska biyu, na ajiye kaye a gabansa a buɗe. Likita ya maimaita lambar a hankali ya girgiza kai. Direkter ya dubi Laminu ya ce, "Gaskiya ne daga nan kas samu?"

Laminu yana kallon ƙasa ya ce, "Ya taimaka. Amma dama na kusa ganowa."

Direkter ya juya shafukan kayen ɗaya-ɗaya. Ya daɗe. Na zaci yana neman yadda zai ba ni haƙuri ne. Sai ya ce, "Ke nan kai da bakinka ka ce kana kwahe abin da ke jikin serber. Wa yab ba ka izini?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba don shi ba da har yanzu..."

Ya ce, "Ban tambaye ka wannan ba. Yau lambar ƙohwa, gobe kalmar sirri, jibi sunayen mutane. Kuma kana kai shi aji kana karanta wa mahauta." Ya buɗe aljihun tebur ya sa kayen ya rufe. Ya ce saboda shekarun da na yi ba za a sallame ni ba, in ci gaba da gadi da shara. Mabuɗi kuwa zai zauna wurin teknisiye. Aka shafa fatiha aka tashi.

Daga baya na fahimci abin da ya sa. Tun ran Talata Direkter ya riga ya shaida wa shugaban ƙungiya da mutanen Tebaram cewa mai gadi ne ya taɓa inji. In ya janye, sai ya ce laifin injiniya ne, wanda masu tallafi suka aiko. Ko na Laminu, wanda shi da kansa ya ɗauka aiki. Ko na dokar mota, wadda shi ya riƙe ta kwana biyar shanu suna mutuwa. Duk cikinmu ni ne wanda in aka ɗora wa ba sai an rubuta wa kowa wasiƙa ba.

A cikin kayen nan na fara rubuta sunan mahaifiyata da hannuna, da sunayen ƴaƴana biyar, kowanne da shafinsa. Sau uku na roƙa a ba ni, ko da a yage shafin lambar. Aka ce ya shiga dosiye, wato fayil. Na gama mataki na biyu a wannan shekarar, na kawo takardar shaida na nuna. Direkter ya ce madalla, Allah ya sa albarka. Bai tuna da alkawari ba, ni ma ban tuna masa ba.

Laminu ya zo mini bayan mako guda da ƙullin sukari da ganyen shayi. Ya tsuguna ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ina cikin watannin gwaji, in anka ce ni ne, na tahi." Na ce na ji. Na karɓi ƙullin don ba a mayar da hannun kyauta, na ba mai gadin dare. Muna gaisawa har yau. Bai sake zama ƙarƙashin bedi ya sha shayi da ni ba, ni kuma ban kira shi ba.

Agali ya ji gaskiya daga bakin likita a hanyar daji. Da ya sake zuwa Tawa ya sauka daga moto tun daga nesa, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce in yafe masa maganar da ya faɗa. Na yafe. Ya ce ya yi ƙoƙarin gyara labarin a can, amma wanda ya rufe shanunsa a rami ba ya son a yi masa bayanin lamba. Har yanzu a ruggagen Tebaram akwai masu cewa wani mai gadi a Tawa ya yi wasa da inji ya kashe musu dabbobi. Ba su san fuskata ba, sun dai san sunana.

Ku da ke aikin injuna, in Zaure ya ce ya ƙi, kada ku fara da sayen waya ko zagin rezo. Ƙi yana nufin saƙo ya isa gidan. Ku duba ko mai saurare yana zaune, ku duba ko ƙofar da kuke bugawa ita ce tasa, kuma ku duba da ido a jikin injin, kada ku tsaya ga abin da aka faɗa muku. Lamba kuwa kada ku karɓe ta bibbiyu ta tarho. A faɗa ɗaya-ɗaya ko a rubuto. Maimaita wa mutum abin da ya faɗa da kalmominsa ba ya tabbatar da komai. Ku kuma masu gadi, ban ce kada ku koyi karatu ba. Ku koya, wannan kayen da nake rubutu ciki shi ne na huɗu tun bayan wancan. Amma ku sani a gida irin wannan, in abu ya lalace, ana fara neman wanda zai ɗauka kafin a nemi abin da ya lalace, kuma samun gaskiya a hannunka ba ya sa a saurare ka.

Laminu ƙarfe tara yake zuwa aiki, don haka yanzu ƙarfe tara ake kunna serber, Asabar da Lahadi kuma sai in ya samu hali. Ni ina nan tun bakwai. Wani lokaci hannuna yakan kai wuya da kansa in na wuce ƙofar ɗakin. Wajen bakwai da rabi tarhona yakan yi ƙara, in ga Agali ne.

Yakan ce, "Baba Shaibu, Zaure bai buɗe ba."

In ce, "Ƙi yay yi ko shiru?"

Ya ce, "Shiru."

In ce, "To babu kowa a gidan. Jira mai mabuɗi."